Shinkafar Sarkin Noman Munsani

A wani gari da ake kira Munsani, a bakin fadamar Kowa-Gwani, akwai al'adar da aka gada kaka da kakanni: namiji mai gemu ba ya tambaya. Duk wanda aka ji ya ce bai sani ba, majalisar Sarki Ka-Fi-Shawara kan sa a cire masa hula, ya ci kasuwa uku kai ba komai. Mu masu furfura mun san garin nan sarai, don da yawanmu can aka yanke mana cibiya.

Sarkin Noman garin shi ne Nomau, dattijon da ya shekara arba'in yana noman shinkafa a fadamar da ubansa ya bar masa. Da can buhu talatin yake ɗauka. Da takin zamani ya shigo, sai ga buhuna da rubutu a jikinsu, Nomau kuwa ko bihim bai sani ba a boko. Tambaya kuma ba hali. Ya juya buhu sama da ƙasa, ya gyaɗa kai kamar ya gama karantawa, ya zazzage biyu lokaci guda. Maƙwabcinsa ya leƙo ya gani, ya zuba uku, kada a ce an fi shi. Na gaba ya zuba huɗu. Da wutsiyar ido ake karatu a Munsani.

Shinkafa ta yi kore shar, ta kai ƙirji. Iska ɗaya ta kaɗa, ta kwanta cikin ruwa. Da aka casa, ƙaiƙayi ya fi tsaba. Talatin ta koma ashirin, ashirin ta koma tara, ƙasa ta fara fari-fari kamar an barbaɗa mata kanwa.

Ba wai garin ba shi da malamin gona ba ne. Akwai Malam Isiyaku a Ofishin Zo-Ka-Same-Ni, shekara bakwai ba wanda ya taka ƙofarsa, shi ma bai taka taɓo ba, saboda tausayin takalminsa. Sai wata bazawara, Ladingo, wadda ba ta da hular da za a cire, ta je ta tasa shi gaba har gonarta. Ta yi dashe layi-layi, ta raba taki kashi uku, ta haɗa da na turke, ta san ranar tare ruwa da ranar sakinsa. Gonar da ba ta kai rabin ta Nomau ba ta ba da buhu ashirin da biyar.

Majalisa ta zauna a kan wannan abin kunya. Bayan dogon nazari aka yanke cewa daga yau ba da buhu za a auna shinkafa ba, da tsawon kara ne. Nomau ya zo na ɗaya, aka ba shi babbar riga.

Da ya kai ta gida, matarsa Tabawa ta shafa ɗinkin, ta yaba, sannan ta tambaya ko dafa-duka za a yi da rigar ko tuwo. Ta gaya masa tun jiya aka fara taɓa iri.

"Malam, fadamar nan mutuwa take yi," in ji ta. "Za ka ƙarasa kashe ta ne, ko za ka je ka tambaya?"

Rashin sani ya fi dare duhu, girman kai kuwa rawanin tsiya. Nomau ya san karin maganar duka biyu, shi yake jefa wa mutane su a dandali. Kwana uku yana saƙawa yana kwancewa. Ranar kasuwa da hantsi ya cire hularsa da hannunsa, ya cusa a aljihu, ya nufi ofishin malamin gona. Manoma suka ga Sarkin Noma ya miƙe, suka bi shi a baya nesa-nesa kamar yadda suka saba, kowa da tambayarsa a maƙogwaro, yana jiran wani ya fara.

Sai ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai gadi ya durƙusa ya yi masa bayani: ai an yi wa Malam Isiyaku canji tun watan jiya. Majalisa ta rubuta wa gwamnati cewa kowa a Munsani ya riga ya sani, a kai malamin garin jahilai. Kuma babban yatsan Sarkin Noma ne farko a takardar. Nomau ya tuna ranar. An miƙo masa takarda a fada, ya dube ta sama da ƙasa, ya dangwala.

"Ranka ya daɗe, lafiya dai ka fito haka?" in ji mai gadi, yana kallon kan Nomau ba hula.

Nomau ya waiga. Manoma sun fi talatin, sun zuba masa ido. Ya zaro hular, ya kaɗe ta, ya kafa.

"Zafi ne. Na zo in ga ko an kulle da kyau."

Ya jijjiga kwaɗon, ya ce madalla. Daga nan ya zarce rumfar mai taki, ya ce a ware masa buhu biyar na bana. Wanda ke bayansa ya ce shida.