Babur Ɗaya, Kwamanda Uku

Jama'a, yau da hantsi ni ne na tura babur daga Sharabi har Geza. Babur ɗin ba nawa ba ne, ba kuma lalacewa ya yi ba. Garambawul aka yi masa.

Bari in warware muku. 'Yan sintirinmu na nan bakin iyaka da babur ɗaya tal suke aiki tun da na san su. A da, idan aka kora shanun wani, ɗayansu, Namadi, shi ne yake buga shi ya bi sawu kafin ɓarayi su tsallaka Benin. To, sai iyayen gidanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da faɗin kujera, suka ji a rediyo wata ƙasa ta sake wa rundunar sojanta tsari. Suka ce mu da me aka fi mu? Nan take aka kasa sintiri gida uku, aka naɗa kwamandoji uku, kowa da sabuwar hula. Babur yana hannun na Sharabi, jarkar mai tana wurin na Geza, makulli kuma yana aljihun na Lafagu, wai don kada iko ya taru a hannun mutum ɗaya. Masu hassada ne kawai ke kiran wannan basira gyaran gangar Auzinawa.

Na taɓa tambayar Namadi, tunda shi ne wakilin ƙananan 'yan sintiri, ko an ji ta bakinsu.

"An tuntuɓe mu mana," in ji shi. "Anka kira mu, munka zamna ƙasa, anka ba mu lemu. Ina ɗaga hannu sai Mai Girma ya ce madalla, ga wanda za shi yi muna addu'ar tashi."

Yau sai ga maƙwabcina Gidaɗo a guje, ko takalmi babu. An kora shanunsa daga bakin fadama, har da jar saniyar da ya gada wurin mahaifinsa, kuma su ne iyakar abin da ya mallaka a duniya. Dalilin turin ke nan: Namadi riƙe da kan babur, ni da Gidaɗo a baya, gumi har cikin ido.

Kwamandan Geza ya karɓe mu hannu bibbiyu. Ya ce mai kam akwai, amma sabon tsari ya hana zuba shi a babur ɗin da ba makulli. Muka buga wa na Lafagu waya, ashe yana birni wurin taron bita kan kai ɗaukin gaggawa. Ya jajanta mana ƙwarai, ya ce makullin yana nan lafiya.

Gidaɗo ya tsuguna yana kallon yamma, inda shanunsa suka bi. Na ji tausayinsa ƙwarai. Muna nan aka aiko wa Namadi cewa za a sake zama da wakilai, a tuntuɓe su kan launin sabon kaki. Ya ce ai addu'arsa a shirye take.

Muka juyo da babur, don dole ya kwana a shiyyarsa. A hanya na ba Gidaɗo haƙuri.

"Ni abu guda nika roƙo," in ji shi. "Waɗanga ɓarayi har yanzu shugaba guda gare su. Allah shi sa manya su ji labari, su ma a yi musu garambawul."

Na ce amin. Ku ma ku taya mu, amma kada ku ɗaga hannu, don kada a ce an tuntuɓe ku.