Ranar da Na Gaida Surukata a Kan Babur

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ban ga ranar da zan manta da gaisuwar da na kai gidan surukaina a Kurfi ba. 'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, ina malamin firamare a Dutsin-Ma. Ina da agogon hannu, ina da takalmi sau-ciki, ina kuma da ɗan babur ɗan Japan mai kuka kamar sauro. A lokacin idan ka tambaye ni wa ya fi ni a garin, sai na yi dogon tunani kafin in ba ka amsa.

Maƙwabcina Mista Yohanna ne, disfensan asibiti mai ba da magani, mutumin kudancin Zariya. Shi kuma yana da wani ƙaton babur ɗan Ingila, baƙi wuluk, irin na doguwar tafiya, wanda idan ya faɗi sai an kira mutane. Kullum da yamma muna gindin dogonyaro muna musu guda. Ni ina cewa ƙarfin doki shi ne babur, wato abin da ke ba shi gudu idan an murɗa totur har ƙarshe, kuma a takarda ƙarfin dokin nawa bai yi nisa da na wannan giwar tasa ba. Shi kuma sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, gudu daban, ja daban. Naka sai ya yi ihu kafin ya samu ƙarfi. Nawa ƙarfinsa a ƙasa yake, tun injin yana numfashi a hankali. Shi Turawa ke ce wa tok." Ni kuma in ce masa tok ɗin nan uzurin malalaci ne, wanda ya kasa gudu shi ke cewa yana da ja. (Allah ya yi mini baiwar musu a kan abin da ban taɓa hawa ba.)

To, a lokacin ina neman auren Hajara, 'yar Malam Isiyaku na Kurfi. Ina sonta son da har yake sa in rubuta kwanan wata ba daidai ba a allo. Da kawunnaina suka je tambaya, Malam Isiyaku ya ce musu shi ba ya tsoron talaka, ɗan boko marar kunya yake tsoro. Ya ce in zo gaisuwa da kaina, zai ga zamana da tashina kafin ya ba da amsa. Akwai kuma wani mai sayen gyaɗa daga Birchi da ke gefe yana jiran in yi tuntuɓe. Saboda haka aurena gaba ɗaya a kan gaisuwar nan ya rataya.

Mai hankali da ya hau ɗan saurona ya tafi. Ni kuwa sai na ga kukansa bai dace da mai neman aure ba. Na haɗiye musun wata da watanni na je aron giwa.

Mista Yohanna bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya tsaya yana nuna mini: giyar wannan a ƙafar dama take, birki a hagu, saɓanin nawa. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da ake dannawa a kashe injin, tunda ba shi da makulli. Sannan ya ce, "Abu ɗaya, Malam. Kada ka saki kulochi yana cikin giya. Ko ba ka taɓa totur ba, tafiya zai yi." Ni a lokacin ina duba yadda hulata ta zauna a madubin. Na ce, "Disfensa, babur ai babur ne."

Hanya ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Akwai wani rafi mai yashi da kullum sai na sauka na tura nawa ina haki, amma wannan ya ratsa shi yana dum, dum, dum, ko a jikinsa. Na yanke shawara a raina cewa Mista Yohanna ba zai taɓa jin wannan labarin ba.

Na isa bayan la'asar. Malam Isiyaku yana kan buzu a ƙofar zaure, dattawan unguwa kewaye da shi. Ladabi shi ne in tsaya can nesa, in kashe, in tako da ƙafa. Amma ina son su ji muryar injin. Sai na matso har kusa da tabarmarsu, na riƙe kulochi, na tsaya, babbar rigata tana sheƙin shuni. A nan na ga idon Malam Isiyaku ya sauka a kan ƙafata. Takalmi. Ina gaban suruki da takalmi.

A ɗan saurona ina da wata al'ada: idan na tsaya, sai kawai in saki kulochi, ya yi tari ya mutu da kansa, don ba shi da ƙarfin da zai motsa ba a murɗa masa totur ba. Hannuna ya saba. Na saki kulochi, na sunkuya, na zare takalmin hagu na riƙe a hannu.

Giwa ba ta yi tari ba. Tafiya ta fara, a natse, kamar mai zuwa masallaci. Dattawa suka watse da carbinsu. Na taka abin da nake zaton birki ne da ƙafar dama, sai na ƙara masa giya. Ya bar ƙofar zaure ya yi wa kansa tasa ƙofar ta cikin darni, ya ɗauki wani ɓangaren darnin a gaba ya shiga da shi tsakar gida, inda ko kawunnaina ba su taɓa takawa ba.

Hajara na gani ta ruga ɗaki. Kaji suka tashi sama. Hannun rigata ya sarƙe a kan babur ɗin ya karya shi hagu, sai muka fara zagaya rumbu. A gindin rumbun kuwa ga Inna, mahaifiyar Hajara, zaune da faifai tana bakacen gero. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kamar yadda suruka ke yi, ba ta motsa ba.

Yanzu mai karatu zai ce, me ya hana ka sake kama kulochin? Takalmi ne a hannun. Me ya hana ka yar da takalmin? Wallahi tambayar da nake yi wa kaina ke nan har yau. Abin da na sani shi ne, da na zo wucewa ta gaban Inna, tarbiyyar gidanmu ta riga hankalina magana.

"Ina wuni, Inna?"

Na wuce bayan rumbu. Da na sake fitowa ta ce, "Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

Wani zagayen. "Ba gajiya."

"Yaya mutan gida?"

A wannan karon na dawo da igiyar shanya a wuyan babur, zannuwa suna bina a baya. "Lahiya lau suke. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi," in ji ni, a daidai lokacin da igiyar ta tumɓuke turken akuya, akuyar kuma ta ga ba ta da zaɓi ta biyo sahu. Darni a gaba, shanya da turke da akuya a baya, ni da babbar riga a tsakiya, amma sautin injin ko canzawa bai yi ba. A cikin tsananin tsoro wani ɓangaren zuciyata yana cewa, ashe wannan ne tok.

Dattawa sun taru a ɓarakar da na yi, ba mai ikon shigowa cikin gidan mutane. Ɗaya ya ce, "Malam, ka sabka mana." Sai na ji muryar Malam Isiyaku, a sanyaye, yana cewa, "Ku bar shi ya ida gaisuwa."

Turmi ne ya cece ni. Na goge shi, takalmin ya fice daga hannuna, hannun ya tuna aikinsa ya cafke kulochi. Babur ya tsaya cak a gaban Inna, yana dum, dum. Ban isa in saki ba, ban kuma gano ɗan ƙarfen kashewa ba, ga ni a sama suruka a ƙasa. Wannan kam ba zai yiwu ba. Na karkata don in durƙusa, giwa ta biyo ni, muka durƙusa tare, ta danne mini ƙafa. Sai a nan injin ya mutu. Gidan ya yi tsit, ban da akuya.

Inna ta ce daga cikin mayafi, "An gode. A gaida mutan Dutsin-Ma."

Da aka zaro ni, na zauna a zaure da takalmi ɗaya, na tabbata mai gyaɗa ya yi mata. Baƙin ciki ya cika ni har ba na jin ciwon ƙafar. Malam Isiyaku ya shiga gida ya daɗe, sannan ya fito ya zauna a kan buzunsa. Ya ce wa dattawa, "Uwar ɗiya ta ce yaron ga, duk zagayen da ya yi, bai ɗaga kai ya dube ta ba ko sau guda. Kanshi na ƙasa. Ga shi da takalminshi a hannu. Wanda mutuwa ke ƙarƙashinshi bai bar kunya ba, mi za ni nema kuma? Na ba shi. Amma darni shi za ya gyara, kuma daga yau da ƙafa za ya riƙa zo mani."

Mista Yohanna ya karɓi babur ɗinsa da karan dawa a cikin fitila. Ya zare karan a hankali ya ce, "Malam, ya ja?" Na ce ya ja. Musunmu bai sake tashi ba.

Shekara da shekaru Inna tana kafa misali da ni ga duk wanda ya zo neman ƙannen Hajara, har suka tsane ni tun kafin su san ni. Ta koma ga Allah ban taɓa gaya mata cewa ɗan ƙarfen kashe injin nake nema a ƙasan nan ba. Ni dai abin da na koya shi ne, idan aka ba ni aron abu yanzu, ba na tambayar gudunsa ko jansa. Sai in cire hula in saurara da kyau, har a zo wurin da ake kashe shi.