Bencin Gaba

Allah ya yi wa makarantar nan gata da ya ba ta shugaban iyayen yara irin Tashi-da-Kanka. Sunan daga bakinsa ya fito. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya gaya maka shi da kansa ya tashi, ba wanda ya ɗaga shi. Gidan bene da mahaifinsa ya bar masa kuwa, tawali'u ne ke hana shi ambata.

Shi ya kawo tsarin zama: yaran da iyayensu suka taimaka wa makaranta su zauna gaba, saura su bi baya. A cewarsa, wannan zai koya wa yara himma.

Haka 'yar wani marigayi kafinta ta koma baya, jikin bango. Idonta ba ya hango allo daga nesa. Da can a gaba take zama, a bencin da babanta ya ƙera, ya goge shi sumul don kada tsinke ya soki ɗan kowa. Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai taushin hannu. Yanzu ɗan shugaba ke barci a kai, kuma ya shaida benci ne mai daɗi.

Uwar yarinyar ta zo taron iyaye da aka yi a ajin 'yarta, ta roƙa a mayar da ita gaba kafin jarrabawa.

Tashi-da-Kanka ya gyara babbar riga. "Baiwar Allah, ilimi bai san gaba ko baya ba. Talauci a zuciya yake. Bari ki gani."

Ya taka har bencin ƙarshe, ya cusa tumbinsa da ƙyar, ya goge tabaransa mai ruwan zinariya, ya karance allon tas. Aka tafa.

"Ranka ya daɗe," in ji matar a hankali, "ita ba ta da tabarau. Ko za ka cire naka?"

Ya cire, don shi ba ya gudun gwaji. Ya ƙanƙance ido. Ya miƙa wuya. Ya karkata kai kamar mai sauraron allon. Aka yi tsit, sai minsharin ɗansa daga gaba.

Shugaba ya miƙe a fusace, ya ce allon nan ya koɗe, abin kunya ne ga makaranta. Nan take ya yi alkawarin sabo, da sunansa a sama.

An kawo allon kuwa. Yarinyar tana nan jikin bango. Ta ce wa uwarta yanzu akwai abin da take iya karantawa daga can: sunan shugaba, don shi aka rubuta da manyan baƙaƙe.