Rasuwar Gwaggo, Gangar Makarantu Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da na rasa inda zan sauke shi, ni Malam Ɗalha Habibullahi, malamin wasanni kuma mai kula da 'yan badujala a wata makarantar firamare da ke ƙasar Jega, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babbar gangarmu ta fareti, wadda yara ke kira Gwaggo. Rai ya yi halinsa wata ranar Laraba da la'asar, a bayan motar a-kori-kura, a kan hanyar Maiyama zuwa Jega. Yau mako uku ke nan. Ina neman afuwar jinkirin sanarwa, hedimastanmu Malam Abdulmumin ne ya hana a faɗa, saboda dalilin da za ku ji a ƙasa.

Marigayiya ta shekara ashirin da takwas tare da mu. Wani tsohon soja mutumin Katanga ne ya kawo ta bayan ya ajiye aiki, ya koya wa yara fareti na ɗan lokaci, sannan ya koma gonarsa ya bar mana ita. Ta zo da ƙannenta, ƙananan ganguna biyu da begila ɗaya, kuma duk sun riga ta tafiya. Gangunan ɓeraye ne suka yi ajalinsu a sito. Ita kuwa begila, an ce an gan ta a bakin hanya wajen wani mai sayar da fetur a galan, tana aikin mazurari.

Duk wanda ya san Gwaggo zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa samun gurbi a jadawalin darussa ba, sai dai lokacin tara na ranakun Talata da Alhamis, a gindin dogon yaro, kuma ba ta taɓa kai ƙara ba. Muryarta kuwa ba a magana. In ta ce gidim, gidim, gidim-gidim-gidim, har fadama ake jin ta. Lokacin dashen albasa, sa'ad da aji ke komawa rabi, ranakun nan biyu ne kaɗai nake kiran suna in ji kowa ya amsa. Yaran da bulala ta kasa kawowa, da waɗanda wa'azin hedimasta ya kasa, ita take kawo su da ƙafafunsu, har da laka a gwiwa. Ina son gangar nan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Haka nan ta kasance mai zumunci. Akwai wata makaranta a ƙasar Aliero, wajen Jiga Birni, da wata a ƙasar Maiyama, ta ɓangaren Sarandosa, waɗanda ba su da ganga. Duk sanda za su yi baƙi ko fareti sai su aiko a ba su aron Gwaggo. Ta yi tafiya a kan buhunan albasa har warin ya zame mata turare. Kowace makaranta tana da kwalinta mai ɗauke da sunanta, in marigayiya ta sauka sai a cire na waccan a manna na wannan, ita dai ba ta cewa komai.

Jinyarta ta daɗe. Fuskarta ta hagu ta yage tun shekaru goma sha uku da suka wuce, muka kai ta wajen mai faci ya rufe da robar tayar babur. Tun daga nan dama kaɗai ake bugawa, kuma ko a daman ma akwai wurin da ba a taɓawa. Mutum ɗaya ce ta san wurin nan sosai, Mubina Jibrin, 'yar aji shida, wadda ta shekara huɗu tana rataye da ita. Sauran yarana talatin da uku kuwa, a kan jarkoki da gwangwanayen madara suke koyon kiɗa, kuma wallahi sun iya.

Ciwon ajali ya zo ne a cikin ambulan ɗin wasiƙa. Wata ƙungiya mai tallafa wa makarantun karkara da kayan kiɗa ta rubuto cewa za ta turo kwamiti ya zagaya ya ga waɗanda ba su da shi, domin a ba su sababbi. Makarantunmu uku duk suna cikin jerin: mu Litinin, Aliero Talata, Maiyama Laraba. Da na karanta takardar sai da na zagaya bayan aji na yi 'yar rawa. Shekara da shekaru muna da talauci ba mai saye, ga shi yau an zo nemansa har gida. Abin da ya rage kawai mu fito da jarkokinmu mu zauna.

Sai hedimastocin uku suka yi taro. Da na faɗi shawarata, Malam Abdulmumin ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa, ya ce, “Malam Ɗalha, baƙi za su zaka tun daga nesa, ka ce mu tarbe su da jarka? Wagga kunya ba da ni za a yi ta ba. A ɓoye su, a hiddo Gwaggo.” Sauran biyun suka ce ai kuwa su ma ba za a bar su a baya ba, in Jega ta tarbi baƙi da badujala, Aliero da Maiyama ba za su tarbe su da tafi ba. Aka aika wata makarantar kuɗi ta cikin gari aka aro ƙananan ganguna huɗu da begila mai ƙyalli, na kwana uku.

A nan ya kamata in ce na tsaya kai da fata. Ban tsaya ba. Na yi gardama sau ɗaya, aka kawo shayi, na kama sha. Da hannuna na kulle jarkoki a sito, da hannuna na shafa wa marigayiya man gyaɗa, na yi wa bakinta jan fenti har ta koma kamar amarya. In gaskiya za a bi, ni ma ina son baƙin su ce malamin nan ya iya aikinsa.

Marigayiya ta yi aikinta na ƙarshe da cikakkiyar biyayya. Litinin ta yi a Jega, aka juya facin wajen bango. Da baƙi suka shiga ofis cin abinci muka ɗora ta a mota. Talata ta yi a Aliero da sabon kwali, Laraba a Maiyama da wani kwalin. Mubina ce ta buga duka ukun, wata malama tana canza mata hijabi daidai da launin kowace makaranta, ni kuma ina laɓe a bayan aji kada a gane ni. Begilar aro babu wanda ya iya busa ta, sai aka ba wani dogon ɗalibi ya riƙe a baki yana kumbura kumatu. An gaya mini shugabar kwamitin ta yaba ƙwarai, har ta ce gangunan yankin nan muryarsu ɗaya, 'yan matansu ma suna kama da juna.

A hanyar dawowa muka shiga mota ɗaya da Abdu mahauci, da ragonsa da zai kai Jega. Direba ya faɗa wani rami, rago ya zabura, ƙahonsa ya shige ta fuskar dama, mai lafiyar. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce ɓus. Abdu ya ce, “Yi haƙuri Malam, bai san abin da yay yi ba. Gobe ma yanka shi za ni yi.” Na yafe wa ragon nan duniya da lahira, domin shi ko ba komai bai halarci taron hedimastoci ba.

Mubina ba ta yi kuka ba. Ta ɗora hannu a kan yagar, ta ce, “Malam, ba komi, tun da sabbi na nan tahe. Yaushe za a kawo su?” Na ce mata kwanan nan. Wannan amsar ita ta fi damuna a duk al'amarin.

Malam Abdulmumin ya ce a rufe maganar rasuwa har sakamako ya fito. Shekaranjiya ya fito. Kwamiti ya gamsu cewa makarantunmu uku sun tsaya da ƙafafunsu, kowace da cikakkiyar badujala, saboda haka kayan kiɗa za su tafi ga wasu makarantu da suka rasa dabarar ɓoye halinsu. Mu kuma an ba kowannenmu takardar yabo mai zanen zinariya a gefe. Hedimasta ya riga ya sa tamu a gilashi.

Marigayiya ta bar yara talatin da huɗu a Jega, da wasu masu yawa a Aliero da Maiyama waɗanda suka san ta a matsayin baƙuwa. Ta bar sanduna biyu, da igiyar rataya, da jarkoki goma sha ɗaya da har yanzu ke tsare a sito. Ta bar hedimastoci uku cikin ƙoshin lafiya. Talatar da ta wuce na kira suna, yara goma sha biyu ba su amsa ba. In aka ci gaba a haka, kafin Mubina ta gama aji shida babu sauran badujala a makarantar nan, kuma babu wanda za ta miƙa wa sandunan.

Game da jana'iza, ƙungiyar ta sauƙaƙa mana. A ƙarshen takardarta ta gayyaci badujalarmu, a matsayin abin koyi, ta zo ta yi kiɗa ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a wajen bikin miƙa sababbin kayan ga waɗanda suka samu. Mun amsa gayyata, kuma a can za a yi sutura. Za a tashi da gawa daga gindin dogon yaro da ƙarfe takwas. Mubina ce za ta rataye ta, fuska biyu a buɗe, da kwalayen makarantu uku manne a jiki, sauran yara na biye da abin da suka saba bugawa. Ni zan shige gaba in yi wa shugabar kwamiti bayani da bakina, in ya so a raba ni da aikin daga baya.

Ba a buƙatar zaman makoki ko abincin sadaka. Roƙo ɗaya iyalan mamaciya ke yi. Labari ya iso mini cewa tun jiya Malam Abdulmumin yake yawo a kan babur, daga Jega har Aliero, yana neman wanda zai rufa mana asiri kafin Asabar. Duk mai ganga da ya ƙwanƙwasa wa ƙofa, don girman Allah a ba shi ruwa ya sha, a gaishe shi da hanya, a ce masa ganga ba ta nan.