Ranar da Dokta Rahma Ta Jagoranci Cigiyar Karim

Duk faɗin ƙasar Faransa, daga Lyon har Paris, babu wanda ya san rainon yara kamar Dokta Rahma. Ita da kanta ta faɗa, kuma wa ya isa ya musa? Digirin da ya sa ake ce mata Dokta yana nan tafe. Shekaru ke nan tana rubuta shi a Bron, can gefen Lyon, amma ta ga bai kamata a bar suna mai daɗi haka yana zaman jira ba, sai ta fara amfani da kayanta tun yanzu.

Iliminta kuwa ba irin na iyayenmu mata ba ne, waɗanda suka koyi raino a bakin murhu da tumbuɗi a kafaɗa. A'a, nata daga littafi ya fito. Tana 'yar firamare a Samarun Zariya wasu littattafan Turanci na gwanjo suka faɗo hannunta, jerin labaran wasu 'yan mata ƙawaye da suka kafa ƙungiya, iyaye na buga musu waya su je su zauna da yara. Rahma ta karance su a gindin mangwaron gidansu har bangonsu ya saki. Har yau in ta buɗe ɗaya ta shaƙi warin tsohuwar takarda sai idonta ya ciko, kuma wannan hawayen, a faɗi gaskiya, na gaske ne.

A lokacin ita da Comfort, 'yar maƙwabtansu, suka kafa tasu ƙungiyar. Da yake a gidan su Comfort waya take, Comfort ta zama shugaba, aka ba Rahma aikin zama kusa da waya. Ta zauna. Babu wanda ya taɓa bugowa. To a Samaru wa zai buga waya neman mai raino? Mace in za ta unguwa sai ta leƙa gidan maƙwabta ta miƙa ɗanta ta wuce. Shugabancin nan da ya kuɓuce mata yana nan tokare a maƙogwaronta, ta haura arba'in bai wuce ba.

Gidanta na Bron yaro ba ya shiga, saboda littattafan. Waɗanda ta fi ƙauna kuwa ba ta rabuwa da su. Tana zuba su a wata baƙar jakar goyo, ta saɓa a baya, ta yafa ƙaton mayafi a kai don kada jakar ta ɓata mata kwalliya. Haka take shiga taram, jirgin nan na cikin gari, haka take fita, da ƙusumbi a baya. Ɗalibai a gabanta su ce Dokta, in ta wuce su ce Hajiya Kunkuru.

Da labari ya zo cewa Hajiya Halimatou, 'yar Damagaram mai kasuwancin atamfa da turaren wuta a La Courneuve, can gefen Paris, za ta yi sunan jikarta, Dokta ta san ranarta ta zo. Duk matan Hausawan Paris za su hallara, har da Comfort, wadda yanzu ke zaune a Saint-Denis. A gaban idonta za a kafa Ƙungiyar Ƙawayen Raino ta Ƙasar Faransa, kuma a gaban idonta za a naɗa shugaba. Dokta ta saka leshinta mafi tsada ta hau jirgin ƙasa.

Gidan yana can saman bene, ya cika har ƙofa. Takalma sun yi tsibi a bakin shiga, ƙanshin dambu da waina ya gauraye da hayaƙin turare, yara na ratsa ƙafafun manya. Dokta ta sauke jakarta a bayan tsibin takalman, ta zaro littafi ɗaya, ta tsaya a lungu tana bitar jawabinta ƙasa-ƙasa.

A nan Inna Fatsima ta same ta. Tsohuwa ce, gwaggon Hajiya, tana riƙe da Karim, jaririn wata mai taya aiki, Balkisa, wadda ke can kicin tana suya. La'asar ta yi, gidan babu wurin shimfiɗa darduma, Inna za ta sauka gidan maƙwabciya ta yi salla. Ta duba ta ga baya ɗaya ne babu kowa a kai.

"Ɗiyata, duƙa," in ji ta.

Dokta ta duƙa ba tare da ta ɗaga ido daga shafi ba. Tsohuwa ta aza mata yaro, ta miƙo bakin zani ta ƙarƙashin hammatarta. Hannuwan Dokta, waɗanda aka haifa a Zariya kuma ba su taɓa karanta littafi ba, suka karɓa suka ɗaure tamau. Inna ta ja mata mayafi ta rufe, ta fita da carbinta. Dokta ta ji nauyin da ta saba ji a bayanta, hankalinta ya kwanta, ta shiga falo.

"'Yan'uwana mata," ta fara, bayan ta buga cokali a jikin kofi, "abin kunya ne a ce muna Turai amma rainonmu yana ƙauye. Yaro ya zama kamar ludayin fura, wannan ta karɓa ta miƙa wa waccan. Ina tsari? Ina horo? Ni da kuke gani, tun ina 'yar shekara tara na san cewa mai raino ta ƙwarai ba ta ɗauke ido daga kan yaro ko na ƙiftawa."

Tana magana tana rausaya, hagu da dama, a hankali. Ita a ganinta salon manyan masu jawabi ne. Ta buɗe littafi ta karanta babi guda da Turanci, ta fassara, ta share hawaye, ta koma ta karanta wani. Waina ta huce. Wata 'yar Maraɗi ta yi gyangyaɗi har ɗankwalinta ya zame. Mata suka ga ƙusumbin nan a ƙarƙashin mayafi, babu wadda ta kula, don kowa ya san Dokta da jakarta.

Sai ga Balkisa ta leƙo tana goge hannu a zani.

"Wa ke da Karim?"

Aka dubi juna. Wannan ta ce ta gan shi wurin waccan, waccan ta ce ai tun ɗazu ta miƙa shi. Aka duba ɗakin mai jego, aka ɗaga tulin mayafai a kan gado, babu. Balkisa ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku! Ƙofa a buɗe take tun safe, *mon Dieu*, kowa shiga yake yana fita!"

Wayyo, ku zo ku ga Dokta! Fuskarta ta haskaka kamar an ba ta kujerar Makka. Ai akwai irin wannan a littafi, kuma ta san yadda aka yi.

"Kowa ta natsu! Ga ƙwararriya a nan. Ke da ke, ku bi matakala har ƙasa. Ku ukun nan, ku ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Comfort, ke zauna kusa da waya."

Wannan umarni na ƙarshe ta daɗe tana tanadinsa, kuma ya yi mata zaƙi a baki. Mata suka bazu da leshi da gwala-gwalai suna kiran sunan jaririn da bai san sunansa ba. Hajiya Halimatou na salati tana neman lambar 'yan sanda. Balkisa ta durƙushe a tsakar falo tana kuka mai cin rai, Dokta kuwa ta tsaya a kanta tana rausaya.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata, amma sakaci ne. Yaya za a yi babba da hankalinta ta rasa inda yaro yake? Ni dai a tarihina ba a taɓa yi ba. Yanzu kun ga amfanin ƙungiya. Duk wadda ta yarda a kafa ta yau, ni in shugabance ta, ta ɗaga hannu."

Tsoro ya sa hannuwa suka fara tashi. Dokta ta waiga don ta tabbata Comfort na gani. Comfort kuwa ba hannuwan take kallo ba. Baƙar jakar da ke bayan takalma take kallo, sannan ta dubi bayan ƙawarta, ta sake duban jakar, bakinta a buɗe.

Kafin ta yi magana, Dokta ta ji wani ɗumi ya sauko mata daga tsakiyar baya, ya bi leshi, ya gangara har ƙugu.

"Littattafaina!" ta kurma ihu. "Wace marar tarbiyya ce ta zuba mini shayi a jaka?"

Ta fizge mayafi ta yar. Ga Karim nan, kumatu a manne da bayanta, ya buɗe ido ɗaya, ya yi hamma, ya koma barci.

Balkisa ce ta fara, kuka ya juye mata dariya tana kwance zanin. Daga nan gida ya ɗauka, har mai jego ta riƙe ciki tana roƙon a bari. Hannuwan da aka ɗaga duk suka sauka kan cinya ana tafawa. Ana cikin haka Inna Fatsima ta dawo tana jan carbi, ta tambayi abin da ya faru, aka gaya mata.

"Yo ba ga shi nan inda na ajiye shi ba? Kai, ɗiyata, bayan nan naki da albarka yake. Yaron da ba ya barci a hannun kowa!"

Dokta ta koma Lyon da aron zanin Hajiya, leshinta a cikin leda. Ƙungiya dai ba ta kafu ba. Amma Allah ba ya barin wahalar bawa ta tafi a banza: wayar da ta yi ta jira tun Samaru ta fara ƙara. Suna a Saint-Denis, biki a La Courneuve, walima a Bron, ko'ina Dokta ake nema, kuma ita tana gaya wa ɗalibai cewa al'umma ta fara gane darajar ilimi.

Ko a makon jiya Hajiya Halimatou ta bugo.

"Dokta, ina gajiya? *Bon*, Asabar akwai suna, yaran da yawa kuma masu rigima ne. Ki taho da jawabin nan naki mai tsawo. Jakar kuwa bar ta a gida, bayan nan naki muke so."