Na Yi Jinyar Ƙafa, Na Bar Mai Ƙafar

Ba zan taɓa mantawa da makonni ukun da na yi ina jinyar ƙafar wani dattijo a Gumel ba. Na ce ƙafar, domin ita kaɗai na yi wa jinya. Shi dattijon, kamar yadda za ku ji, hira kawai na yi da shi.

Lokacin ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta wajen Gagarawa, ni kuwa ban fi shekara ashirin ba. Na gama koyon wanke miki da ɗaure rauni a Kano, a hannun wani likita Bature, sai aka turo ni Gumel in buɗe ɗakin magani. Ginin ƙasa ne mai ciki biyu, can bakin gari. Kayan aikina akwati ɗaya ne: auduga, bandeji, almakashi, kwalbar aidin, da wani gari da ake jiƙawa ruwa ya koma shunayya a wanke miki da shi. Sai littafin rubuta marasa lafiya, da farar riga mai aljihu wadda nake wankewa kullum ko da ba abin da ya taɓa ta. Da zai sallame ni, likitan ya ce zai zo rangadi bayan wata uku. In ya tarar ana zuwa ana warkewa, ɗaki ya zauna. In ba haka ba a rufe, in koma Kano in ci gaba da tafasa masa almakashi.

Wata biyu suka wuce ba wanda ya zo. Ba wai ba a ciwo a Gumel ba ne. Mai ƙurji yana zuwa wurin Mati wanzami, mai karaya yana zuwa wurin maɗori. Ni kuwa ana cewa yankan mutane na koyo a wurin Nasara. Ana gaishe ni da ladabi, amma daga nesa. A masallaci ana matsa mini wuri fiye da yadda jikina yake bukata. Ba ni da dangi a garin, ban yi aure ba, tsohuwar da ke dafa mini tuwo ma a bakin ƙofa take ajiye akushin ta juya. Nakan share ɗaki, in jera kwalabe, in sake jera su daga doguwa zuwa gajera. (Akwai ranar da na ɗaure wa ƙafar kujera bandeji don kada hannuna ya manta. Ɗaurin ya yi kyau ƙwarai. Ba wanda ya gani.)

Ana cikin tsananin bazara, wata safiya sai ga takarkari, wato sa mai ɗaukar kaya, a ƙofar ɗakin, da wani siririn dattijo a kansa. Sunansa Baba Ilu, manomi ne daga Ɗanzomo. Gatari ya sare shi a ƙwauri tun kaka, wurin ya zama gyambo, an yi ta saka masa garin ganye har suka gaji. Ƙanensa da ya kawo shi ya sauke shi, ya ce sharar gona na jiransa, ya kama hanya.

"Kai ne mai yanka mutanen?" in ji Baba Ilu.

"Wanke miki nake yi, Baba."

"To wanke. In kuma yankan ne, ka bari in yi azahar tukuna."

Na wanke gyambon, na cire abin da ya ruɓe, na ɗaure shi ɗaurin da ko likitan da ya koya mini sai ya yaba. Na kwantar da shi rigingine a kan gadon ƙasa da na shimfiɗa wa tabarma, na ɗora ƙafar a kan guntun itace. Sannan na gyara murya.

"Baba, ƙafar nan ba ta son motsi. Kada ka tashi, kada ka juya."

"Har yaushe, ɗana?"

"Har sai na ce."

Abin da aka koya mini shi ne ƙafa mai gyambo tana son hutu. Ni ne na faɗaɗa dokar ta hau kan mutumin gaba ɗaya. In zan faɗi gaskiya kuma, akwai wani dalili da ban rubuta a littafi ba. Ina tsoron in ya miƙe ya ji ƙarfin jikinsa, zai koma Ɗanzomo kafin likita ya zo, in koma hira da kwalabe.

Don kuwa Baba Ilu ya iya hira. Bayan la'asar nakan jawo kujera kusa da kansa, ya ba ni labarin shekarar yunwa, da yadda suke kai gero Maigatari su dawo da kanwa, da wani jakinsa da ba ya tafiya sai an yi masa waƙa. Tuwona muke rabawa. Tun da na zo garin, shi ne mutum na farko da ya tambayi sunan mahaifiyata, ya kuma saurari amsar.

Ga yadda jinyar take. Da safe in kwance bandeji, in wanke, in auna faɗin mikin da tsinke, in ɗaure. In goge masa fuska da hannuwa da tafin ƙafa. Amma daga gwiwa zuwa ƙirji, wannan ƙasa ce da ban taɓa shiga ba. Sa'an mahaifina ne, furfurarsa ta fi tasa. Yaya za a yi ɗan shekara ashirin ya ɗaga mayafin dattijo? In zai kama ruwa, nakan tura masa kasko da buta gefen gado, in fita in tsaya ina kallon kukar da ke bayan ɗakin har sai ya yi gyaran murya. Salla a kwance yake yi. Shi kuma, komai zafi, gwadonsa yana ja har ƙirji duk lokacin da na shigo. Ina ganin ladabi nake yi, shi ma yana ganin mutunci yake tsarewa, muka haɗu muka yi ta girmama juna.

Alamu sun zo, ba su ɓuya ba. A mako na biyu ya daina cinye tuwonsa. In ya yi dariya sai ya yamutsa fuska. Tafin hannunsa ya ɗan yi ɗumi. Na ce zafin gari ne. Sai kuma wani wari ya fara tashi a ɗakin. Na shinshina bandeji, lafiya lau. Na yanke hukunci cewa ɓera ne ya mutu a cikin azara. (Sau biyu na hau kujera ina cusa sanda a rufin ɗaki, Baba Ilu yana kwance a ƙarƙashina yana cewa, "Gwada can kusurwar, ɗana.") Kowace safiya in ce, "Baba, yaya jiki?" ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." In ɗauki alƙalami in rubuta. Gyambon kuwa sai tsukewa yake yi, daga faɗin tafin hannu har ya koma kamar ƙwayar gurjiya.

Da aka aiko cewa likita zai iso ranar Laraba, sai na yi abin da har yau in na tuna nakan rufe ido. Na tafi da ƙafata har rumfar Mati wanzami, na gayyace shi.

"Ka zo ka ga yadda ake warkar da gyambo," na ce masa, gaban mutanen da ke jiran aski.

Ya ci gaba da wasa askarsa. "Zan zo, malam. Ai mutum ba ya tsufa da koyo."

Ya zo kuwa, da dattawa huɗu a bayansa. Likita ya sauka daga doki, ya wanke hannu, ya duba littafina. Na kwance bandejin a hankali, yadda kowa zai gani. Nama ja, mai tsabta, ba ko ɗigon mugunya. Dattawan suka matso suka leƙa. Likita ya ce, "Madalla." Na saci kallon Mati.

Sai likitan ya tsaya. Ya ɗaga hanci. Ya ɗora bayan hannunsa a goshin Baba Ilu, ya daɗe bai cire ba. Hausarsa a hankali take fita, kalma bayan kalma, ba ka da hanyar cewa ba ka ji ba.

"Yaushe rabonka da ka juya shi?"

Na shiga naɗe bandejin da ke hannuna.

"Yaushe rabonka da ka ga bayansa?"

"Ranka ya daɗe, dattijo ne."

Likita ya ce dattawan su ba mu wuri. Suka fita, amma iyakarsu bakin ƙofa, ɗakin kuwa ba shi da ƙyaure sai asabari. Ya ce Mati ya tsaya ya kama kafaɗa, ni in kama ƙugu. Muka juya Baba Ilu zuwa bango, tabarmar ta biyo shi, sai da aka jiƙa ta da ruwa ta saki. A ƙasan gadon bayansa, daidai inda ƙashi ke taɓa shimfiɗa, ga miki ya fi wanda ya zo da shi faɗi, ya kuma fi shi zurfi. Diddigen lafiyayyar ƙafar ma ya yi baƙi. Ɓeran da nake nema a rufi ke nan.

Mati ya duba, ya sake dubawa, sannan ya tambayi likita cikin natsuwa, da murya daidai yadda na waje za su ji:

"Wannan na bayan, da shi ya zo, ko a nan ake bayarwa?"

Likita bai yi dariya ba. Ya ce in faɗa masa abin da ya koya mana game da wanda ya daɗe a kwance. Na tsaya cikin farar rigata na karanto: a juya shi safe da rana da yamma, a duba baya da ƙugu da diddige, a goge gumi, a sauya shimfiɗa, a duba mutum daga kai har ƙafa ko da yatsa ya kawo. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Da na yi kuskure ma da ya fi mini sauƙi.

Sai muka ji muryar Baba Ilu, fuskarsa na kallon bango.

"Kada ku ga laifinsa shi kaɗai. Tun kwana na bakwai nake jin wurin kamar an ɗora garwashi. To sa'an ɗana ne, in buɗe masa baya? Kuma kullum in ya kwance ƙafar nan sai in ga yana murna. Ba shi da kowa a garin nan. Na ce bari in bar masa murnarsa."

Duk abin da aka faɗa a ranar, wannan ne ya fi ƙona ni. Ina tsammanin ni nake jinyarsa, ashe mako biyu yana kwance a kan miki yana lallaɓa ni.

Likita ya yanke ruɓaɓɓen naman da kansa, ya nuna mini yadda zan riƙa cusa auduga. Da zai hau doki na tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, ko in fara ɗaure akwati. Ya ce ba a rufe ɗakin magani da marar lafiya a ciki, balle wanda ɗakin ne ya samar masa ciwon. Haka aikina ya tsira: na rasa masu ciwo, na ƙera ɗaya da hannuna.

Washegari da sassafe Mati ya iso da agalemi, wato buzun tunkiya mai laushi, a kafaɗa. Ya ce a kansa suke kwantar da tsofaffinsu, ko kakarsa da ba ta taɓa ganin kwalba ba ta san wannan. Mako shida yana zuwa kama mini kafaɗa, yana komawa rumfarsa ya ba da rahoto. Wasu suka fara zuwa don su ga malamin da ya nemi ɓera a rufi, a cikinsu kuma akwai masu gyambo, suka zauna aka wanke. Baba Ilu ya tafi gida da ƙafarsa, amma sai bayan an gama shuka, ƙanensa ne ya yi masa. Na raka shi har bayan gari. Ya ce in na yi aure in aika masa.

Tun daga lokacin, duk wanda aka kwantar mini, komai furfurarsa, nakan nemi gafararsa sau ɗaya, sannan in ɗaga mayafi in duba. A shekarun da na yi ina wannan aiki an sha ce mini marar kunya, ban taɓa musu ba. Na gwada kunyar na mako uku, na kuma auna faɗin mikin da take bari.