'Yar Kibiya a Gindin Fayil

Ba a daɗe da soja suka koma bariki ba na sayi sabuwar kwamfuta, kuma a lokacin ban yarda da kowa ba. Bitrus, ƙanin matata, ya ce in kai tsohuwar zuwa shagonsa da ke Sabon Tasha ya kwashe mini abin da ke ciki. Na dube shi sama da ƙasa. Me yake nema a fayilolina?

Na kulle ƙofa na yi abina da kaina. Hotunan aurenmu, na baftismar yara, da waƙoƙin zumuntar mata da matata Rifkatu ta sha wahalar bugawa, duk na jawo su daga fuskar kwamfuta zuwa ɗan faifan disket ɗaya. Suka shige tsaf, har da sauran wuri.

"Baban Ladi, duk a wannan ɗan abin?" in ji Rifkatu.

"Bitrus ne ya turo ki, ko?" na ce.

Kafin in sayar da tsohuwar na goge ta tas, kada wani ya ga sirrina.

Da na sa disket ɗin a sabuwar, kowane fayil da 'yar kibiya a gindinsa, ba wanda ya buɗu. Na ruga wurin Bitrus na ce an yi mini zagon ƙasa.

"Yaya, shotkot ka kwaso," ya ce. "Alamar hanya ce kawai. Gidan kuwa ka rushe shi."

Har yau in na tsaya jiran mota a Romi, sai wani ya ɗaga murya: "Baba Shotkot, ta ina ya fi kusa?" Rifkatu kuwa, in baƙi suka nemi ganin hoton aurenmu, ni take nunawa da baki.